Yadda na sayi laftof ɗin editin hoto da bidiyo a Kano

Abokai da yawa masu sha'awar ɗaukar hoto irina suna yawan tambayata wace laftof ce ta dace da editin, kuma duk sanda na fara bayani da baki sai maganar ta yi tsawo mu rabu ba a gama ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda tawa ta kasance tun daga tara kuɗi har ranar da na fara aiki da ita, ko Allah zai sa wani ya huta da ruɗanin da na shiga. Ni dai malamin makaranta ne, ba ni da situdiyo, hoto sha'awa ce da ta kama ni tuntuni. Kamarata Canon 700D ce tokumbo, da lens ɗinta na 18-55 sai ƙaramin 50mm da na ƙara daga baya, ranakun Asabar da Lahadi nake fita in ɗauki abin da ya burge ni, marinar Ƙofar Mata, saman Dala da sassafe, mahaya lokacin hawan Sallah, sai kuma bikin dangi idan an ce in zo da kamara.

Matsalar ta fara ne lokacin da na daina ɗauka a JPEG na koma RAW. Wanda bai sani ba, RAW shi ne ɗanyen hoton da kamara ta gani ba ta matse shi ba, shi ya sa za ka iya dawo da inda ya yi duhu ko inda rana ta ƙone shi, amma fa nauyi gare shi, a 700D kowane ɗaya yana kai megabayit 20 zuwa 25. Laftof ɗin da nake da ita a lokacin RAM ɗinta, wato memorin da take riƙe aikin da ke gabanta da shi, 4GB ne da had disk irin na da mai juyawa, in na loda hotuna ɗari biyu sai in tashi in yi wata hidimar in dawo ba ta gama ba, in ka ja silaida, wato ɗan madannin da ake ja a ƙara ko a rage haske, sai ka ƙirga kafin hoton ya motsa. Bidiyo kuwa ba a magana, minti ɗaya na 1080p a wannan kamarar ya haura megabayit 300, da ka ɗora shi sai ta dinga tsalle-tsalle, murya na gaba hoto na baya. Duk wannan na daure da shi. Abin da ya ƙona min rai shi ne ranar da na kai wanki wasu hotuna da na ɗauka a marina, wani dattijo ya ɗago zane daga rijiyar baba ruwan na zuba, na ɓata dare guda ina gyara shuɗin nan har ya yi min yadda nake so, da aka wanko sai ga shi ya tafi wajen shunayya ya yi kauri, fatar dattijon kuma ta yi jawur kamar ba shi ba. Mai wankin ya rantse injinsa lafiya lau, ya buɗe fayil ɗin a kwamfutarsa, wallahi yadda ya fito a takarda haka yake a nasa sikirin ɗin.

Daga nan na wuce wajen wani dattijo a unguwarmu da ya yi shekaru yana sana'ar hoto tun zamanin fim da ɗakin duhu, yanzu yaransa ke riƙe da situdiyon shi yana zaune yana duba aiki. Na gaishe shi na ce Baba ga abin da ya same ni, na miƙa masa hoton da laftof ɗin. Bai ce komai ba sai ya kama murfinta ya ɗan kwantar da shi baya, hoton ya yi duhu, ya jawo shi gaba, hoton ya koɗe ya yi fari-fari. Ya ce ɗana ka gani? Wanne daga ciki ne hotonka? Na rasa amsa. Ya ce wannan sikirin ɗin TN ake ce masa, an yi shi ne don rubutu da lissafin ofis, kalar da yake iya nunawa kaɗan ce, shi ya sa kake ta ƙara kala kana ganin ba ta isa ba alhali a cikin fayil ta riga ta yi yawa, mai editin a kan irin wannan kamar mai zaɓen shadda ne da almuru. Ya kira ɗansa ya ce nuna wa yayanka naku, yaron ya buɗe hoton a nasu sikirin nau'in IPS, ko ta wane gefe ka leƙa kalar na nan yadda take. Shi yaron ne ya rubuta min a bayan takarda abin da zan nema, IPS, 1920 x 1080, sannan a ma'aunin yawan kalar da sikirin ke nunawa 100% sRGB ko kuma 72% NTSC don kusan abu ɗaya ne, ya ce Yaya in ka ga an rubuta 45% NTSC ka bar ta komai kyanta, wannan ko kashi biyu cikin uku na kalar sRGB da ƙyar yake nunawa, kuma sRGB ɗin shi ne ma'aunin da wayoyi da intanet da yawancin masu wankin hoto suke bi. Baba ya ƙara da cewa in zan je kasuwa in tafi da memorin kamarata, kar in yarda a gwada min na'ura da hoton da ke kanta. Gaskiya wannan zaman ya fi min duk bidiyon YouTube da na kalla amfani.

Kuɗi kuma sai da na shiga adashi a wajen aiki, na haɗa da abin da na samu a tsohuwar da na sayar wa wani ɗalibi, jimla na tashi da wajen naira dubu 600, a 2025 kenan, lokacin dala na yawo a wajen 1,500. Kafin kwasata ta zo na zauna na karanta abin da masu manhajojin editin suka rubuta da kansu. Adobe sun ce Lightroom Classic zai tashi da RAM 8GB amma 16GB suke ba da shawara, Premiere Pro 16GB don aikin HD, 32GB don 4K, DaVinci Resolve ma 16GB yake nema da girafik kad, wato ɓangaren da ke sarrafa hoto da bidiyo, mai nasa memorin, gara 4GB zuwa sama. Sai wani abu da ban taɓa kula da shi ba, Microsoft sun riga sun sanar cewa 14 ga Oktoba 2025 za su daina tallafa wa Windows 10, ita kuma Windows 11 a hukumance daga furosesan Intel jen na 8 take farawa, furosesa shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta, jen kuma zubin da aka ƙera shi a ciki. Wato duk na'urar da ke ƙasa da jen na 8 ta fita daga lissafina tun kafin in taka ƙafa kasuwa.

Na fara da Beirut Road don nan ne aka fi sanin masu kwamfuta, daga baya na leƙa Farm Centre duk da ita waya ta fi yawa. Tun kafin ka sauka daga adaidaita sahu 'yan kamasho sun tare ka, Oga me ake nema, Malam zo ka ga sabon kaya jiya aka sauke. Abin da na lura kusan kowane shago magana ɗaya ce, da ka ce editin sai a ce ai Core i7 za ka ɗauka, a nuna maka sitikar da ke manne a gefen kibod. A wani shago aka ɗauko min wata siririya mai kyau ƙwarai, babu ko ƙwarzane, aka ce i7 ce RAM 16, dubu 300 da ɗan wani abu, har raina ya biya. Na ce ɗan uwa kunna min, na danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager ya buɗe, na shiga Performance, sai ga i7-7500U, a ƙasa an rubuta cores 2, wato ma'aikata biyu kacal ne a cikin furosesan. To a nan ne fa ruɗanin yake kuma shi nake so kowa ya gane. A wannan furosesan, lambar farko bayan i7 ɗin ita ce jen, wato wannan jen na 7 ce, harafin ƙarshe kuma U yana nufin mai tsimin wuta ce da aka yi don batir ya daɗe, ba don aiki mai nauyi ba. i5-8250U da ta zo bayanta cores 4 gare ta, wato i5 ɗin jen na 8 ta fi wannan i7 ɗin ƙarfi nesa ba kusa ba duk da sitikarta ta fi ƙanƙanta a ido. Masu harafin H su ne na aiki, irin i7-8750H ko 8850H masu cores 6. Na kwantar da murfin kamar yadda Baba ya yi, sikirin ya yi duhu, na duba setin na ga 1366 x 768. Na ce Allah ya kawo kasuwa. Mai shagon bai ji haushi ba, ya ce Malam ai ka san kan abin, kuma ni ban ɗauka yaudarata ya so yi ba, yawancin masu zuwa i7 suke tambaya shi ma abin da ake nema yake tallatawa, kuma ga mai aikin ofis na'urar ba ta da laifi.

Na tsaya sosai a kan MacBook Air M1 don duk wanda na sani mai ita yabonta yake. Ta fito a ƙarshen 2020, sikirinta kyakkyawa ne, ba ta da fanka sam, batir kuma yana kai ka yini, wanda a garin da ake ɗauke wuta ba ƙaramin abu ba ne. Abin da ya hana ni biyu ne. Wadda kuɗina zai iya kusanta mai RAM 8GB ce da SSD 256GB, wato ma'ajiyar fayil ta zamani mai sauri, kuma a cikinta ba a ƙara RAM ba a canja SSD, yadda ka saya haka za ka zauna da ita, mai 16GB ɗin kuwa farashinta ya wuce aljihuna. Na biyu ba ta da ramin memorin kamara, sai ka sayi adafta. Amma wanda ke da hali ya samu mai 16GB, ni ina ganin ya ɗauka kawai, sai dai ya tabbatar an goge ta a gabansa an kunna daga farko da intanet, ta wuce ba ta nemi iCloud ɗin wani ba kuma ba ta nuna cewa wani kamfani ne ke kula da ita ba, don akwai tokumbo da ke zuwa a kulle. Na kuma duba na 'yan gem masu girafik kad GTX 1650, ƙarfi kam akwai, sai dai masu araha a cikinsu da yawa a sikirin ake rage kuɗin, na ga wadda aka rubuta 144Hz da manyan baƙi amma kalarta 45% NTSC, gudun sikirin daban kyan kala daban.

A ƙarshe wani abokin aikina ya haɗa ni da wani bawan Allah mai ɗan ƙaramin shago a saman bene wanda kayansa ke zuwa ta Legas, ya ce shi in ya ce abu kaza ne to kaza ne. Na zauna na karanta masa takardata, ya saurara har na gama sannan ya ce Malam abin da kake nema wokstashan ne, irin waɗanda kamfanonin Turai da Amurka ke saya wa injiniyoyinsu su yi shekaru su sauke, ya lissafo HP ZBook 15 G5, Lenovo ThinkPad P52, da Dell Precision 5530, duk na 2018 ne masu jen na 8. Ya ce yanzu babu a ƙasa amma yana jiran kaya, in ina so in ajiye kafin alƙalami ya ware min ɗaya. Na ba da dubu 50, na ce a rubuta a rasit ɗin shago cewa in kayan ya zo bai yi min ba za a mayar min da kuɗina cif, ya rubuta ya sa hannu ya buga hatimi. Daga nan sai jira. Wallahi jiran nan ya fi komai wahala, an ce mako ɗaya, mako ya wuce aka ce kaya na Computer Village a Ikeja ba a gama tantancewa ba, sannan aka ce an ba mota, ni kuma kullum ina duba farashin dala gabana na faɗuwa kar a ce an ƙara. Ga bikin ƙanwar matata ya matso an riga an ce ni zan ɗauki kamu. Har na fara tunanin in karɓi kuɗina in je in ɗauki ko wacce ce, matata ce ta ce Malam ka yi haƙuri, wanda ya jira adashi ai zai iya jiran mota.

Ranar da ya kira na tafi da jakata, ciki akwai memorin kamara mai RAW da bidiyo, da filash da na zuba ƙananan manhajojin gwaji, da hoton marinar nan da aka wanke. Precision 5530 guda biyu ya ajiye min a kan tebur ya ce zaɓi. Na ce Alhaji zan ɗau lokaci fa, ya ce ko yini za ka yi, ya sa yaronsa ya kawo min kujera da ruwa. Na fara da lambar Service Tag da ke ƙasan kowacce, na sa a shafin Dell ta wayata, ya nuna min ainihin kayan da aka haɗa ta da su daga kamfani, duka biyun i7-8850H da girafik kad Quadro P1000 mai 4GB. Na kashe na kunna ina danna F2 na shiga BIOS, wato setin na'urar na asali da ake shiga kafin Windows ta tashi, don in ga ba a sa fasawod ba, sannan F12 na zaɓi Diagnostics na bar ta ta gwada kanta, fanka ta yi ƙara ta lafa, sikirin ya yi ta canja kala, babu kuskure. Da Windows ta tashi na buɗe Command Prompt na rubuta powercfg /batteryreport, wannan zai ba ka fayil da ke nuna ƙarfin batir na asali da abin da ya rage masa yanzu, ta farko saura kashi 60 da wani abu cikin ɗari, ta biyu ta haura 80. Na kunna CrystalDiskInfo ya nuna lafiyar SSD da yawan awannin da ya yi yana aiki, duka Good. Sai na zo kan sikirin. Na cika shi da fari tas, sannan baƙi, sannan ja da kore da shuɗi, na kawo fuskata kusa ina bin kusurwa-kusurwa. A ta biyun, mai batir mai kyau ɗin, sai na ga farinta ya ɗan ja rawaya kuma daga gefen hagu a ƙasa haske na tsiyaya in an sa baƙi. Na buɗe HWiNFO na ɗauki lambar sikirin na bincika, ashe ba nata na asali ba ne, an taɓa canja mata da mai araha tun can inda ta fito. Na nuna wa Alhaji, ya sa tabarau ya duba ya ce wallahi bai lura ba, nan take ya ce wa yaron ya ware ta gefe a rage mata kuɗi. Ta farkon kuwa farinta fari ne, na sa memorina a raminta na buɗe hoton marina, na ɗora takardar da aka wanke a gefen sikirin, shunayyar nan da jan fatar nan duk ga su iri ɗaya sak. Ka ga kenan ita gaskiya take faɗa min. Na ja bidiyon 1080p ya tafi sumul, na tura wani 4K daga wayata shi ma ya buɗe, na gwada kowane rami da filash, na buɗe Notepad na danna kowane harafi, na sa iyafis na ji sauti, na haɗa wayfai. Na zaɓi mai raunin batir saboda batir ana canjawa da sauƙi, samun sikirin na asali kuwa aiki ne.

Saura caja, kuma kar kowa ya raina wannan. Wannan na'urar 130W take ci, yaron ya kawo wata baƙa mara nauyi, na jona na koma BIOS wajen bayanin batir inda take rubuta ƙarfin cajar da aka sa mata, sai ta nuna ba ta gane ta ba. In caja jabu ce ko ƙarama, na'urar rage gudu take yi don ta kare kanta, sai ka zauna kana zargin kwamfuta alhali caja ce. Aka sauko da wata mai nauyi, ta rubuta 130W, na ce wannan. Sai ciniki. Ya ce dubu 560, na ce Alhaji batir fa sai na canja, na taya 480, ya ce albarka, muka yi ta ja har abokin nawa ya sa baki aka tsaya a 515 da caja, aka cire kafin alƙalamin na yi tiransifa na ragowar, muka zauna sai da alat ya shigo. A rasit na roƙa a rubuta sunan na'urar, Service Tag, RAM 16GB, SSD 512GB, da warantin wata ɗaya da ya ba ni, ya ce banda faɗuwa da shigar ruwa da wutar da ta yi yawa ta ƙona, na ce na yarda. Wannan takardar ka adana ta, ko don ranar da wani zai tare ka a hanya ya ce ina shaidar taka ce.

Ban wuce gida ba sai da na tambayi Alhaji ko buɗe ta zai ɓata waranti, ya ce in dai a wajen injiniyan da ke ƙasan benen ne babu komai. Yaro ne matashi mai natsuwa, ya kwance ƙasan a gabana, fankokin biyu duk sun tara ƙura ya busa ya goge da buroshi, ya ɗaga ƙarfen da ke ɗauke zafi sai ga man da ke kan furosesa ya bushe ya zama kamar alli, ya goge da sipirit ya sa sabo. Ya nuna min ramukan RAM guda biyu, 8 da 8, ya ce Oga duk ranar da ka samu kuɗi za ta ɗauki 32. Na ce a sauke Windows ɗin da ta zo da ita a ɗora sabuwa fes, don ban san me aka zuba a ciki ba, da ta hau intanet ta yi aktibetin da kanta tunda lasisin na jikin na'urar. Duka aikin dubu 10 ya karɓa. Ya ce in kawo dubu 3 ya cika min ita da Photoshop da Premiere da komai, na ce a'a na gode. Na san kusan kowa haka yake yi kuma na san dalili, kuɗin wata-wata da dala ba wasa ba ne, amma waɗannan na satar sau da yawa da ƙwayar cuta suke zuwa, ni kuma a na'urar nan zan buɗe imel ɗina in ajiye hotunan iyalan mutane, matan aure da 'yan mata a wajen biki, amana ce.

Da na dawo gida na sauke Digital Photo Professional, wanda Canon ke bayarwa kyauta ga mai kamararsu, lambar jikin kamarar kawai za ka sa. Na ƙara da darktable, shi ma kyauta ne kuma yana yin kusan duk abin da nake buƙata a RAW, sai dai yana son haƙuri kafin ka saba da shi. Bidiyo kuma DaVinci Resolve na kyauta, ba ya manna tambari a kan aikinka, amma fayil ɗin saukewar ya haura gigabayit 2 don haka da datar dare na sauke. Hotunan kamun da na ɗauka su ne aikin farko, ɗari huɗu da wani abu, kafin in gama shan shayi sun gama loduwa, in na ja silaida hoton na bin hannuna. Lallen amarya ya fito da jansa da baƙinsa, leshin ƙawaye ruwan goro bai koma lemo ba, na kai guda goma wanki don in gwada, abin da na gani a sikirin shi na karɓo, illa takardar ta ɗan fi duhu, ɗan Baba ya ce in rage hasken sikirin zuwa wajen rabi lokacin editin don in ya cika haske ido na ruɗuwa ka ɗauka hoton ya yi haske alhali bai yi ba. Bidiyon 4K na waya in na jera da yawa na sa gyaran kala yana ɗan nauyi, sai in sa Resolve ya yi musu furoksi, wato ƙananan kwafi da za ka yi aiki da su, in an zo fitarwa ya koma kan na asali.

In za ka bi wannan hanyar, ni a ganina ka fara da sikirin kafin komai, don RAM da SSD da batir duk ana ƙarawa ko a canja a irin waɗannan na'urorin, amma sikirin da furosesa da girafik kad da su za ka zauna. Ka karanta cikakkiyar lambar furosesa da idonka a Task Manager, kar ka tsaya a sitika. In hoto kawai kake yi ba ka taɓa bidiyo, ba dole sai wokstashan ba, i5 jen na 8 zuwa sama da 16GB da SSD da IPS mai cikakken sRGB ta ishe ka kuma za ka rage kuɗi sosai ka sa a lens, wanda shi zai fi canja hotonka. Kar ka kashe kuɗinka duka a kan na'urar, ka bar wani abu don caja ko batir ko jaka. Ka je da rana ido na ganin ido, ranar da ba ka sauri, mai shagon da ya hana ka gwaji ka yi masa sallama cikin mutunci ka wuce. Wanda yake nesa zai yi oda, ya nemi a turo masa bidiyon Task Manager da rahoton batir da Service Tag kafin ya tura ko sisi, ko ya wakilta wani ya je ya gani.

Sai zafi da ƙura, wanda duk mai zama a Arewa ya san su. Lokacin bazara ba na ɗora ta a kan katifa ko kafet, na sayi ɗan ƙarfen ɗagawa na dubu 6 iska na shiga ta ƙasa, fitar da bidiyo kuma sai dare in gari ya yi sanyi, injiniyan ya ce bayan hunturu in kawo a sake busa fankokin. Da ragowar kuɗin na sayi sokat mai kariya saboda wutar janareta da had disk na waje 1TB, duk hoton da na sauke yana zama wuri biyu kafin in goge memori. Batirin yanzu yana ba ni kamar awa biyu in ina editin hoto, bidiyo kuwa sai da wuta, shi ne abu na gaba da zan canja in albashi ya shigo, na riga na ce wa Alhaji ya nemo min na asali mai 97Wh, RAM ɗin kuma sai adashi na gaba in Allah ya kai mu.